Marigayi Ya Ce Saura Ɗaya

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Na san na yi kwana biyu ban leƙo ba, kuma na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba, 'yar'uwa. Abin da ya same ni ne ya fi ƙarfin yatsuna. Yau dai na ce bari in zauna in amayar da shi ko na samu in yi numfashi. Sunaye da wasu abubuwa na sauya su, in kun kai ƙarshe za ku gane dalili.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, Surayya ce, 'yar Alhaji Dalhatu mai hatsi a Dutsin-Ma. Aikina rubuta manhajar kwamfuta, daga ɗakina da ke jikin kicin ɗin Mama, inda hayaƙin murhu ke shigo min ta taga. Akwai wani ƙunshin kayan aiki da muka gina muka sa masa suna Rumbu, wanda masu rubuta manhaja ke ɗauka kyauta su saka a cikin nasu aikin. Abin da yake yi shi ne, ka kulle bayananka ka miƙa wa wani a kulle, ya tara, ya ninka, ya gama lissafinsa ba tare da ya ga abin da ke ciki ba, ya dawo maka da amsa ita ma a kulle, kai kaɗai ke da makulli. Wasu ƙananan asibitoci na amfani da shi wajen haɗa alƙaluman masu sikila da masu juna biyu, ba tare da sirrin kowa ya fita ba.

Na ce "muka gina". Ni da Hudu ne, ɗan Kurfi, abokin karatuna tun jami'a, siriri mai tabarau, wanda in yana buga kwamfuta sai ka rantse faɗa yake yi da ita. "Shugaba" yake ce min, don ni ke yanke ranar da za a saki aiki. Manyansa sun riga sun zo gaisuwa gidanmu, sa rana kawai ya rage. Sai daminar bara ya hau mashin zai kai wa kawunsa magani a Barkiya, 'yan bindiga suka tare hanya. Aka yi ta waya, aka yi ta addu'a, daga baya layin ya ɗauke ɗif. Da rani wani da aka sako ya ce da idonsa ya ga zazzaɓi ya kwantar da Hudu a daji bai tashi ba. Aka yi zaman makoki, ba gawa ba kabari. Na yi kuka har na gaji, na koma kan Rumbu ni kaɗai.

Da shukar bana ta kai gwiwa sai Abdullatif ya fara sallama a ƙofar gidanmu. Ɗan abokin cinikin Baba ne, shi ke shiga ƙauyukan Kurfi yana sayo hatsi da motarsa a kori kura. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum cikin shadda mai duhu da hula a karye gefe. Ba shi da makusa, kuma wallahi abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da yana da ita da na samu abin faɗa wa Mama.

Ranar da abin ya faru da safe ne, rana ta fito tas, Mama na suyar ƙosai. Ta ɗaga labulena da ludayi a hannu.

"Surayya, wai sai yaushe? Babanki ya ce kafin a gama yankan gero yana son jin magana ɗaya."

"Mama, yau ina da sakin aiki. Ki bari in gama."

"Kullum sakin aiki! Ke kuma wa zai sake ki? Ummi ƙanwarki ta zuba ido, masu nemanta sun zuba ido. Wanda ya tafi ya tafi, Allah Ya jiƙansa. Mai rai shi ke da gobe."

Na mayar da idona kan kwamfuta. Ta saki labulen da ƙarfi har ƙarfensa ya yi ƙara.

Bari in gaya muku mene ne sakin aikin. Kowace manhaja tana da lambar siga, kamar yadda littafi ke da bugu na ɗaya da na biyu. Tsohuwar sigar Rumbu 2.3.1 ce. A cikinta muka gano rauni: makullan da take ƙerawa ba su kai ƙarfin da muka zata ba. Na yi watanni ina gyara, ranar nan zan saki 2.4.0. Aikin ƙarshe shi ne bin tsohuwar lambar duk inda ta ɓuya a canza ta, a babban fayil, a takardar bayani, a umarnin saukewa, a misalan da muke ba sababbin shiga. Aiki ne mai kama da tsintar tsakuwa a shinkafa, ba wuya, amma in ka bar ɗaya wani zai karya haƙori. Hudu ne ke yinsa a da. Wannan ne karon farko da zan yi ba shi.

Na sa kwamfuta ta nemo min duk inda aka rubuta 2.3.1. Na bi ɗaya bayan ɗaya na canza. Na sake nema, ta ce babu. Na ɗora gyaran a shafin intanet da muke ajiye aikin, inda kowa ke iya gani ya yi sharhi, na miƙe na ɗauko kunun gyaɗa.

Kofin na bakina wayata ta yi ƙara. Imel ne, irin wanda shafin ke turo min in wani ya yi sharhi. Na duba sunan mai sharhin.

Hudu.

Ban san lokacin da kofin ya suɓuce ba. Kunun ya zubo min a zanen atamfa, da zafinsa, ban ji ba. Ga abin da aka rubuta:

"Shugaba, saura ɗaya. Duba fayil ɗin hatimi. Layi uku ne, ba a haɗe suke ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Masu karatu, tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dugadugi. A tsakar gida mai na ta ƙara a kasko, kaji na kai da komo, Mama na yi wa Ummi faɗan gishiri, duniya na tafiya yadda ta saba. Ni kuwa ina riƙe da saƙon mutumin da muka yi wa zaman makoki.

Na buɗe shafin. Ga sharhin nan, ga ɗan hotonsa a gefe, wanda na ɗauke shi da kaina a bakin dam yana dariya. Na sabunta shafin don in tabbatar ba idona ba ne. Sai babu. An goge. Wani, a daidai wannan lokacin, yana zaune a wani wuri yana kallon shafin da nake kallo.

Na buɗe fayil ɗin hatimi. Wannan fayil shi ke buga lambar siga a jikin duk bayanan da Rumbu ya kulle, don a san wace siga ce ta ƙera makullin. Ga su nan kuwa, layi uku reras: babbar lamba 2 a layinta, ta tsakiya 3 a nata, ƙarama 1 a nata. Shi ya sa nema bai kamo su ba. Da na saki aikin a haka, sabon Rumbu zai ci gaba da buga tsohon hatimi, ba wanda zai iya bambance makulli mai rauni da mai ƙarfi, asibitocin nan su saki jiki suna zaton sun tsira. Mutum ɗaya ne a duniya ya san da layukan nan, don shi ya rubuta su.

Na zauna a bakin gado ina jujjuya abin. Waɗanda suka ɗauke shi ne ke wasa da wayarsa? Ina ɗan bindiga ina fayil ɗin hatimi? Kuma ba a shiga asusun Hudu sai da wani makulli da ke cikin laftof ɗinsa, laftof ɗin kuwa yana Kurfi, a hannun mahaifiyarsa, Inna Turai.

Wayar ta sake ƙara, sai da na zabura. Abdullatif ne.

"Barka da hantsi, ranki ya daɗe. Zan shiga Kurfi ɗaukar kaya. Ko akwai saƙo?"

Na rubuta, "Ni ce saƙon. Ka biyo ka ɗauke ni."

Mama da ta ji, kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Da kanta ta ciro min leshi ruwan zuma daga ƙasan akwati, na ce a'a, na saka doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, na cusa laftof a jaka. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta ce dama tana da barkar haihuwa a Kurfi, ta yafa mayafi ta fesa turare ta riga ni shiga gaban mota. Na zauna a kujerar baya.

Hanyar ta yi shiru fiye da yadda na san ta. Dawa ta yi tsayi hagu da dama, ta fi mutum a kan mashin, kanta na kaɗawa ko da ba iska. Gwaggo na ta zuba, daga tsadar barkono zuwa kyawun hannun Abdullatif a tuƙi. Kafin mu shiga gari 'yan sa-kai suka tsayar da mu, da bindigogin gargajiya da riguna cike da layu. Sun san Abdullatif, suka gaisa da fara'a. Babbansu ya leƙo ta taga, idonsa jawur.

"Alhaji, in ka shiga ƙauyuka ka saurara mana. An ce akwai wani ɗan boko da ke riƙe wa mutanen daji wayoyi, shi ke haɗa masu kira. An ce ɗan ƙasar nan ne. Ranar da muka san ko ɗan gidan wa ne, ko alƙali ba zai gan shi ba."

"Allah Ya tona asirin mugu," in ji Gwaggo.

"Amin," in ji Abdullatif, ya ja mota a hankali.

Da muka sauke Gwaggo na ce, "Gidan su Hudu za ka kai ni. Zan gaida Inna."

Ya kalle ni ta madubi, ya ɗan jima. Ya juya kan mota.

Gidan Inna Turai a da ƙofarsa ba ta rufuwa, mata na shiga sayen daddawa, yara na shiga shan ruwa. Ranar nan da rana tsaka na tarar da ƙyauren zaure a garƙame. Na yi ta bugu. Can na ji takun sawu, aka tsaya a bayan ƙyauren ana numfashi.

"Wane ne?"

"Inna, Surayya ce."

Sannan sakata ta yi ƙara. Ta rame, zanen ya yi mata yawa. Ta leƙa bayana hagu da dama kafin ta jawo ni ciki ta mayar da sakata.

Na durƙusa na gaishe ta a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. Ta amsa tana kallon gefe. Tsakar gidan a share fes, amma ba kaza ko ɗaya, ba tunkiya, ba tukunyar daddawa. Kamar gidan da aka ce wa komai ya yi shiru.

"Ɗiyata, lafiya da rana haka?"

"Lafiya lau, Inna. Kwamfutar nan tasa nake son in duba, akwai aikinmu a ciki."

"Ai wanga abu na ba da shi."

"Wa kika ba?"

"Na mance. Tsufa."

Ta tashi ta kawo min ruwa a kwanon sha. Idona ya bi ta, sai ya sauka a kan wata siririyar waya baƙa da ta sauko daga farantin sola a kan rufi, ta bi jikin katanga, ta shige ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin hatsi da ke can ƙuryar gida. Buhun gero ba ya bukatar caji. A bakin ƙofar kuma an ajiye kwano a rufe da faifai.

"Inna, baƙo kika yi?"

"Mi kika gani?"

"Abinci na gani a can."

"Na mage ne." Ta zauna, ta kama gefen zanenta tana murzawa. "Ki sha ruwa ki tafi, ɗiyata. Yaron nan ba ya son..."

Ta datse bakinta da tafin hannu. Inna ba ta taɓa kiran sunan Hudu ba, ɗan fari ne, "yaron nan" take cewa. Amma tun rani in za ta ambace shi sai ta ce "Allah jiƙan rai". Yau kuwa ta ambace shi kamar mai rai.

A cikin shirun nan na ji. Ƙas, ƙas, ƙas-ƙas, sannan bugu ɗaya mai ƙarfi. Daga ɗakin hatsi. Na shekara nawa ina zaune kusa da wannan ƙarar ina ce wa Hudu zai fasa madannan kwamfuta. Na miƙe. Na taka har bakin ƙofar, Inna na bayana tana "Don Allah, don Annabi," cikin raɗa.

"Hudu," na ce.

Ƙarar ta tsaya. Ban sani ba ko mutum zan gani ko abin da ba a gani. Na karanta duk abin da ya zo bakina.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Warin hatsi da maganin ƙwari ya bugo ni. A tsakanin buhuna, a kan wata 'yar katifa, ga mutum durƙushe da hasken laftof a fuskarsa. Gemu ya cika masa fuska, fatarsa ta ɗashe kamar ta mai jinya, tabaran an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. A idon sawunsa akwai tabo zagaye, baƙi, irin na marin ƙarfe da ake ɗaure ƙafa da shi.

"Shugaba," ya ce, da wata murya can ƙasa, ta wanda ya daɗe bai ɗaga ta ba. "Kin gyara?"

Ku ji fa. Bayan duk wannan, abin da ya fara tambayata ke nan. Na zube a bakin ƙofar, kukan ya zo, Inna ta toshe min baki da gefen mayafinta don kar maƙwabta su ji.

Da na samu natsuwa ya ba ni labari, a gutsure, yana yi yana kallon ƙofa. Zazzaɓin gaskiya ne, har 'yan bindigar sun jefar da shi a gindin wata bishiya, sai ya farfaɗo. Wata rana wayar babbansu ta lalace, ya gyara don a ba shi ruwa. Daga nan suka cire masa mari suka ƙi sakinsa. Shi ke caji, shi ke saka kati, shi ke latsa lambar iyalan waɗanda aka kama, da bakin bindiga a ƙeyarsa. Waɗanda aka sako sun sha ganin wani a zaune ba ɗauri, fuska a naɗe da rawani, da waya a hannu. Da damina ta kankama, ranar wani ruwa mai ƙarfi, ya sulale ya bi cikin gonaki.

"Ni ne wanda suke nema a bakin hanya, Surayya. Wa zan ce wa tilasta ni aka yi ya tsaya ya saurara? Mutum ya shekara a daji ya dawo da ƙafarsa, ba wanda ya fanshe shi?"

"A je wajen hukuma. A samu lauya. Baba ya san mutane."

"Kafin a kai ni ofis an kai ni kabari. Kuma ba ni kaɗai ba, har Inna, har gidan nan." Ya share tabaransa da bakin riga. "Kullum ina kallon aikinki. Na yi alkawari ba zan taɓa komai ba. Yau da na ga kin tsallake hatimi, hannuna ya riga hankalina. Na goge, amma na san imel ya riga ya tafi. Wani ya gani?"

"Ban sani ba. Bai daɗe ba."

"To Allah Ya sa."

Na ciro laftof ɗina na ɗora a kan buhu. A nan, a ɗakin hatsin Inna, na mayar da 3 ta zama 4, na mayar da 1 ta zama 0, na bar 2 a inda take. Muka sa gwaje-gwaje suka gudana, muna zaune muna kallon layuka na zama kore ɗaya bayan ɗaya, kamar da. Har ya ɗan yi murmushi. Sai na buɗe bayanin da ke fita tare da sabuwar siga don in karanta karo na ƙarshe, na manta abin da na rubuta a samansa: "Mun sadaukar da wannan siga ga marigayi Hudu, wanda ya aza tubalin Rumbu. Allah Ya jiƙansa."

Na kai yatsa zan goge. Ya sa tafin hannunsa ya rufe madannan.

"Bar shi."

"Ƙarya ce, Hudu. Kana numfashi a gabana."

"Wannan layin shi ne katangata. Duk wanda ya ga sharhin ɗazu, in ya ga wannan zai ce na'ura ce ta yi kuskure. Ki sake shi a haka."

Na latsa. Rumbu 2.4.0 ya fita duniya, lambobinsa duk daidai, da kalma ɗaya da na san ba daidai ba ce.

"Zan jira ka," na ce ina zuge jaka.

"Kar ki jira."

"Ba shawara na nema ba."

"Surayya, ban san ranar fitata ba. Wataƙila sai an manta, wataƙila sai na bar ƙasar nan da wani suna. Kar ki sake zuwa, idon mutane na kan duk mai shiga gidan nan." Ya ja ƙofar da kansa. Ta cikin katakon na ji ya ce, "Allah Ya yi maki zaɓi mafi alheri."

Inna ta raka ni zaure, ta riƙe hannuna biyu ta sa na rantse da Alƙur'ani ko Mama ba za ta ji ba. Na rantse.

Abdullatif na jirana a inuwar wata tsamiya, an riga an loda masa buhuna a baya. Na goge fuskata da hijabi na shiga, na shirya ƙaryar da zan yi in ya tambayi jan idona. Ya tada mota, muka ɗan taɓa tafiya. Bai kalli madubi ba ya ce,

"Ya jikin nasa? Tarin ya sauka?"

Jama'a, ji na yi kamar an zuba min ruwan randa a gadon baya.

"Wa?"

"Ni na ɗauko shi, Surayya. A bayan Wurma na gan shi kwance a bakin gona, ban ma gane shi ba sai da ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Ƙarƙashin buhunan masara na shigo da shi, ta gaban mutanen da suka tsayar da mu ɗazu. Maganinsa da katin wayarsa ni ke kawowa."

Godiya ta taso min, wani abu mai ɗaci ya taso ya danne ta.

"Ka san yana raye, ka zo ƙofar gidanmu kana sallama? Kana kallona ina masa addu'ar mamata?"

"Na yi rantsuwa kamar yadda na tabbata kin yi yanzu." Ya rage gudu, ya kauce wa wani rami. "Kuma ban taka gidanku ba sai da na shiga ɗakin nan na tambaye shi. Ba zan ɓoye maki ba, ina sonki tun kafin a ɗauke shi, na haƙura ne don ya riga ni."

"Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi, matacce ba ya aure."

Kukan da na haɗiye a gidan Inna ya dawo sabo. Na kifa kai a bayan kujera.

"Ba zan matsa maki ba," ya ce. "Ko kin ce eh ko kin ce a'a, magani ba zai yanke ba, bakina kuma ba zai buɗe ba. Wannan daban, wancan daban."

Na so in yarda da shi, kuma har yanzu ina ganin gaskiya ya faɗa. Amma na kalli ƙeyarsa, da hular nan a karye gefe, na tuna ran Hudu a tafin hannunsa yake, kuma shi ne mutumin da ake jira in ba amsa.

Muka tsaya a ƙofar gidan barka. Gwaggo ta fito da ƙullin goro da alewa, ta shigo tana nishi, ta waigo ta ga fuskata jiƙe, ta kalli Abdullatif da ya sunkuyar da kai.

"A'a! An yi maganar ke nan? Kun daidaita?"

Ba wanda ya amsa.

"Alhamdulillahi! Kukan kunya ne, na san shi, ni ma na yi irinsa. Shirun budurwa ai amsa ce."

"Gwaggo, a dakata," in ji Abdullatif. "Ba ta ce komai ba."

Ina! Ta riga ta rangaɗa guɗa a cikin mota, ta zaro wayarta daga lalita tana neman lambar Mama. Ina kallonta, ina da baki, amma in na ce a'a za a ce in kawo dalili, dalilina kuwa yana zaune a tsakanin buhuna, an riga an yi masa zaman makoki, kuma ni da hannuna na sake shaida wa duniya ya mutu.

Gwaggo ta miƙo min wayar ta saman kujera. Muryar Mama ta fito, cike da murna, har tana rawa.

"Surayya? Ina jin ki, 'yar albarka. Faɗa min da bakinki."